Zubaidatu Mai Wankan Jego

Gwaggo Zubaidatu ba ta da kunya, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da ita ba. Duk Tudun Ƙofa an san haka. Tun da ƙuruciyarta take cin abinci a gaban surukai, ta suɗe hannu, ta ce a ƙaro miya. Amma abin da ya fi tsaya wa tsofaffin unguwa a rai shi ne yadda take kiran ɗanta na fari. Matan zamaninta ba sa kama sunan ɗan fari. Sai dai su ce "wannan yaron". Ba sa yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai wata ta ɗaga shi. Ita kuwa sai ta tsaya a ƙofar gida ta buɗe murya, "Lawal, zo ka ci tuwo," har na bayan layi su ji. Yau Lawal ya haura hamsin, da furfura a gemu, yana koyarwa a wata sakandare a Garaku, kuma har gobe haka take kiransa. In an yi mata magana sai ta ce ita ta sha naƙudarsa, an yanka rago an raɗa masa suna, ba ta ga dalilin da za a bar sunan ya yi tsatsa ba.

Sana'arta wankan jego. Ta fara ne bayan rasuwar mijinta, wani direban tifa, kuma ta haura shekara arba'in tana yi. Mace ta haihu, sai a aika mata. Da an idar da sallar asuba za ta iso da damin ganyen darbejiya a hammata, ta hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ta jira ruwa ya tafasa. Sai ta shigar da mai jego banɗaki, ta zaunar da ita a kujera 'yar tsugunne, ta riƙa tsoma ganye a ruwan tana fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi. Safe da yamma har a yi suna, daga nan sau ɗaya a rana har arba'in. Ta dama kunu, ta gasa wa jariri cibiya, ta wuce gida na gaba. Rabin matan unguwar ta ga tsiraicinsu, rabin mazan kuma ta wanke su tun suna cikin tsumma, shi ya sa babu wanda take jin nauyinsa. Da aka fara yayin dafa ruwa a gas, ta ce ruwan gas ba shi da ƙashi, amma ta yi amfani da shi.

Ƙawancenta da Sista Paulina da faɗa ya fara, shekara goma sha biyar da suka wuce. Paulina ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin gari, mutuniyar wajen Garaku, gajera mai faɗin murya. Labari ya iso wa Gwaggo cewa akwai wata nas da ke gaya wa mata a wurin awon ciki su guji tafasasshen ruwa da kunun kanwa. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi asibitin ta neme ta. Suka yi ta cacar baki a kan benci har masu jiran layi suka kewaye su. Hausar Paulina irin ta mutanensu ce, kowa "kai" ne a bakinta.

"Mama Lawal, kai kana dafa mutane kamar doya," in ji ta.

"Uwarki da me aka wanke ta? Da ruwan firiji?"

Paulina ta miƙe. Ta ja hannunta zuwa ɗakin mata, ta nuna mata wata mai jego da ƙafafu suka kumbura kamar turmi, tana numfashi da ƙyar. Ta ce zuciya ce ta gaji, kuma kanwa da zafin da ya wuce kima suna cikin abin da ke jawo haka. Gwaggo ta kalli matar da kyau ta fita. Ba ta ce ta yarda ba. Amma daga ranar ta fara surka ruwanta, kanwar kununta kuma ta koma ɗan abin da za a ce an sa.

Bayan shekara biyu aka mayar da Paulina sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda mutanen gari ke kira wajen mahaukata. Wata rana Gwaggo ta kai mata mangwaro, suna zaune a inuwa, Paulina ta nuna mata wata yarinya da goyo tana fita da leda a hannu. Ta ce wannan ma ciwon jego ne, amma ba na ƙafa ba. Mace ta haihu, sai duniya ta fita daga ranta. Ba barci, ba cin abinci, ba ta jin ɗanta a zuciya, wata har ta fara ganin mutuwarta ta fi zamanta amfani. Wannan karon Gwaggo ba ta yi musu ba. Da ta buɗe baki tambaya ɗaya ta yi.

"Yana da magani?"

"Yana da shi. Da ƙwaya, da zama a yi magana. Matsalar ba a kawo su sai abu ya ɓaci."

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta san lambobi. Ta sa Paulina ta maimaita mata lambar wayarta har ta zauna mata a ka. Tun daga lokacin, duk gidan da ta shiga wanka, sai ta ɗauki gawayi daga murhu ta rubuta lambar a bangon banɗaki, daidai inda idon mai zaune a kujera zai sauka. Ta gaya wa mai jegon, ita kaɗai, ko ta wace ce da abin da ake kiranta a kai. Mazan gidajen da yawa sun ɗauka lambar mai itace ce.

Shekara huɗu da suka wuce, da damina, aka kira ta gidan Hajiya Hassana. Hassana ƙawarta ce tun suna tallan gyaɗa, mace mai tsari da son a ce gidanta gidan mutunci ne. Matar ɗanta Abdulhamid ce ta haihu, haihuwar fari, namiji, aka sa masa Akram. Sunan yarinyar Rumaisa, 'yar garin Panda, ta gama jami'a a nan Keffi. Bisa al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je wanka, amma mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare, don haka ta zauna wajen surukarta. Abdulhamid ma'aikacin gwamnati ne a Abuja. Yana fita da duku-duku don ya riga cunkoson Mararaba, ya dawo a gajiye, ya leƙa ɗansa, ya ci abinci, ya kwanta.

Hassana ta cika da murna da surukarta. Duk wadda ta shigo barka sai ta ja ta gefe. "Kin ga ikon Allah? 'Yar jami'a, amma kunyar mutanen da. Ko kallon yaron ba ta yi. Sai na ce ta ba shi nono take ɗaukarsa, ta juya kai gefe har ya gama. 'Yan matan yanzu da ke ɗora jariri a waya tun bai bushe ba, su zo su ga tarbiyya." Mata suka yi ta sa albarka. Wata tsohuwa har ta ce rabonta da ganin irin wannan kara tun zamanin soja.

Gwaggo tana ji, tana hura wutarta. Ta san mai kunya. Mai kunya ɓarauniya ce: tana jira ɗaki ya watse ta sunkuya ta shinshina kan ɗanta, in ya yi kuka a hannun wata kafaɗarta na motsi ko da fuskarta na kallon bango. Gwaggo ta sha laɓewa a bakin labule ta kama su. Ta laɓe wa Rumaisa sau uku. Ɗaki ba kowa, yaro na wutsil-wutsil a gefenta, ita kuwa idonta na kan silin. Ga kuma wanka. Babu macen da ganye mai zafi zai sauka a bayanta ba ta yi ƙara ba, wasu har zagi suke yi su ba da haƙuri daga baya. Rumaisa ko gezau. Kunu kuma yadda aka kai shi haka ake fitowa da shi, Hassana ta ce ai mai kunya ba ta cin abinci a gaban suruka.

Gwaggo ta nuna mata lambar da ke bango tun ranar farko, kamar yadda ta saba. Yarinyar ta ce to. Bayan suna ta tambaye ta ko tana barci, ta ce tana yi. Gwaggo ta san ƙarya ce, amma ta ce bari ta ƙara kwana biyu ta gani. Daga baya ta ce wannan jiran shi ne wautar da ta fi kowace a aikinta.

Ranar kwana ashirin da uku da haihuwa, da safe, ana yayyafi, sun gama wanka Rumaisa ta ɗaura zane. Maimakon ta fita sai ta kwance bakin zanen ta ciro 'yan kunnen zinare, na lefenta, ta miƙa.

"Gwaggo, ki ajiye wannan."

"Na mene ne?"

"In Akram ya girma ya yi aure, ki ba matarsa."

Gwaggo ta kalli 'yan kunnen, ta tuna jiya ta ga yarinyar ta raba atamfofinta na fitar suna ga ƙannen miji, Hassana na yabon kyautarta.

"Ni da ƙafata ɗaya ke kabari za ki ba ajiyar shekara talatin? Ke ina za ki?"

Gwaggo ta ja ƙyauren banɗakin ta sa sakata, ta kifa bokiti ta zauna a kai, gwiwarta na gugar ta yarinyar.

"Rumaisa, tambayarki zan yi, kuma ba na kewaye-kewaye. Kina tunanin kashe kanki?"

Rumaisa ta ɗaga kai sau ɗaya ta sauke.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin suna." Muryarta a kwance, kamar mai karanta takardar wani. "Ba na jin komai a kansa, Gwaggo. In ya yi kuka kamar a gidan maƙwabta ake yi. Kowa na cewa ina da kunya. Ni na san abin da nake. Uwar da ba ta son ɗanta, me za ta yi masa? Hajiya ta fi ni iya riƙe shi. In ba ni, zai fi samun gata."

"Kin gama?"

"Na gama."

"To saurara. Da na haifi Lawal, wata bakwai na yi a inda kike. Wata bakwai ana kawo 'yan mata su ga kunyar Zubaidatu. Surukarki tana cikin masu yabon, ki tambaye ta. Ni kuwa in na je ɗiban ruwa sai in daɗe a tsaye a bakin rijiya, ba ruwan nake kallo ba. Ban gaya wa kowa ba, don ban san abu ne mai suna ba, na ɗauka baƙin halina ne. Allah ne kawai ya tsare. Wata rana Lawal yana zaune a tabarma ya yi dariya, sai na ji ta shiga kunnena ta sauka har ciki. Na kira sunansa. Na ce tunda bakina ya buɗe, ba mai sake rufe min shi." Ta damƙa mata 'yan kunnen a tafin hannu ta rufe yatsun. "Ba ƙin ɗanki kike ba. Ciwo ne ya shiga tsakaninku, kamar yadda zazzaɓi ke hana mutum jin daɗin miya. Ni a zamanina babu inda za a kai ni. Ke akwai. Yau za mu je."

Gwaggo ta ciro ƙaramar wayarta daga lalita ta danna lambar ba tare da ta kalli bango ba. Paulina ta yi tambayoyi uku ko huɗu, ta ce kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya, kada kuma a jira ranar da likitan sashen ke ganin mutane. A kawo ta yanzu ta ƙofar gaggawa, a taho da jaririn, a kira mijin.

Gwaggo ta riƙo hannun Rumaisa har tsakar gida. Hassana na rumfa tana tsince shinkafa, jikanta a cinya.

"Hassana, sa mayafinki. Asibiti za mu kai yarinyar nan."

"Jini ne?"

"Ba jini ba ne. Wajen Paulina."

Hassana ta ajiye tire. Ta san sashen da Paulina take. "Zubai, kin fara ko? Mai jego ko arba'in ba ta yi ba za ki fitar min da ita, ki kai ta wajen mahaukata? Me ta yi? Ta yi duka ne, ko ta yi tsirara? Yarinya mai natsuwa, don ke ba ki san kunya ba sai ki ce ciwo ce?"

"Kin haifi takwas amma har yau ba ki san mai jego ba. Kin tuna wata bakwai da na yi bayan haihuwar Lawal, kina kawo ƙannenki su koyi hali a wurina?"

"Na tuna. Lokacin kina mutum."

"Lokacin ina neman hanyar barin duniya ne, ke kina tafa min."

Hassana ta juya wajen surukarta. Gwaggo ta ce, "Rumaisa, in faɗa mata, ko za ki faɗa?" Rumaisa ta ce a hankali, "Gaskiya ne, Hajiya. Ni ma haka nake ji." Hassana ta dubi jaririn da ke cinyarta, ta dubi uwarsa. Sannan ta ce a bari ta aika a kira liman ya yi mata addu'a tukuna.

"Ki aika. Ya same mu a can, addu'a ba ta tsoron warin asibiti."

Abdulhamid da aka kira shi ya ce yana da taro da rana, ko za a bari sai Asabar. Gwaggo ta karɓi wayar. "Abdulhamidu, ni na gasa maka cibiya. Ka taso yanzu. In ofishin ya rushe kafin gobe, ni zan gina musu." Ya taso.

A ƙofar gida, suna jiran keke napep, Hassana ta raɗa mata cewa in an tambaya a ce rigakafi za a kai yaro. Gwaggo ta ce ita ba ta ƙarya, amma kuma ba ta tallan abin da ba nata ba. Sai ga maƙwabciya ta leƙo.

"A'a, ina zuwa da mai jego cikin ruwa?"

"Asibiti."

"Lafiya dai?"

"Mai lafiya yana zuwa asibiti?" in ji Gwaggo, ta tura Rumaisa cikin keke.

Paulina na jiransu a bakin ƙofa. Aka yanki kati, likita ya zauna da Rumaisa kusan awa ɗaya, ita kaɗai, sannan ya kira mijin da surukar. Ya gaya musu ciwon ba baƙo ba ne, suna ganinsa kowane mako, kuma ana warkewa. Ya ce ba laifin kowa ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Aka kwantar da ita kwana shida, Hassana na kwana da ita da jaririn. Liman ya zo ya yi addu'a a gefen gado, ya ce wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, a sha. Gwaggo kuwa kullum sai ta zo da kunu a fulas, ta yi faɗa da masu gadi a kan lokacin ziyara.

Warkewar ba ta zo da gudu ba. Mako uku na farko Rumaisa ta ce maganin ba ya komai sai sa ta jiri, za ta daina. Likita ya ce a ba shi lokaci, kuma ya tabbatar musu irin wanda mai shayarwa ke iya sha ne. Hassana, wadda ta ce ba za a kai surukarta wajen mahaukata ba, ita ta zama mai riƙon ƙwayar. Ta ɗaure ta a bakin mayafin sallarta, don kada ta idar da asuba ta manta. Duk mako biyu Abdulhamid ya ɗauki hutun rabin rana ya kai matarsa ta zauna da mai ba da shawara. Wani zuwan ta dawo da sauƙi, wani ta dawo ta shige ɗaki. Gwaggo ta cika wankanta na arba'in, ta ƙara da zuwa hira ba a gayyace ta ba.

Akram na da wata huɗu da 'yan kwanaki, wata ranar Juma'a da hantsi, suna zaune su uku a rumfa ana gyaran alayyafo. Yaron na kwance a tabarma ya kama yatsan ƙafarsa ya kai baki. Rumaisa ta ajiye wuƙa. "Akram, ƙazami, me kake ci?" Ta ɗauke shi ta sa hanci a wuyansa, a gaban uwar mijinta.

Hassana ta sunkuyar da kai kan alayyafo. Can ta ce, "Zubai, kin koya mata rashin kunya."

"Na koya mata."

"To Allah ya ƙara," in ji Hassana, ta share ido da gefen zane ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ba kowane gida ne ya karɓi Gwaggo haka ba. Akwai inda ta yi irin wannan tambaya aka ce tana da baƙin baki, aka sallame ta tun kafin suna, aka shafe lambar da farar ƙasa. Akwai inda ta yi zargi ya zama ba komai, yarinyar gajiya ce kawai, suka yi dariya tare. Ita ta ce gara ta tambayi goma a banza da ta tsallake ɗaya. Mata nawa suka kira lambar a ɓoye, ba ta sani ba, don Paulina ba ta faɗa, ita kuma ba ta tambaya.

Yanzu gwiwa ta kayar da ita. Ba ta iya ɗaga bokiti, ba ta iya tsugunno. Tana zaune a gidanta na gado, Lawal na zuwa duk ƙarshen mako da doya, tana kiransa da suna daga ɗaki ya zo ya miƙo mata abin da ke kusa da hannunta. Tana cin goro da haƙoran da suka rage, tana sauraron rediyo tana musu da mai labarai. Paulina ta yi ritaya ta koma Garaku tana kiwon kaji, amma kafin ta tafi ta zo har gida ta koya mata sabuwar lamba, ta wayar sashen, wadda duk nas ɗin da ke bakin aiki za ta ɗauka. Kwana uku Gwaggo ta yi tana haddarta kamar karatun allo.

Bana Rumaisa ta sake haihuwa, mace, Mu'mina. Wannan karon tun cikin na wata biyar asibiti ke bibiyarta, kuma ta sauka lafiya, ta ci, ta yi barci, ta yi ƙara da ruwan zafi ya taɓa ta har Hassana ta ce a rufe taga. Wata matashiya ce ta yi wankan, Gwaggo na zaune a kujera tana ba da umarni. Sai dai Abdulhamid ya gyara gidan kafin haihuwar, ya manne banɗakin da tayil fari tas daga ƙasa har sama. Gwaggo ta sa aka kawo mata gawayi, ta goga, ta sake gogawa. Ko alama bai bari ba.

Ranar suna, da la'asar, tsakar gida cike da mata, an ci an sha, aka kawo mata jaririyar ta sa albarka. Ta riƙe ta, ta tofa addu'a, ta mayar wa uwarta. Sannan ta buga sandarta a ƙasa har surutu ya lafa.

"Ku saurara, ba dogon zance ba ne. Ni na ajiye ganye. Gidajenku kuma duk kun manne su da tayil, gawayi ba ya kamawa. Lambar tana wurin Rumaisa. Ku da kuka yi boko ku nemo abin da zai kama, ku rubuta ta daidai inda mai zaune za ta gani. Kuma in kun shiga barka, kun gama cewa yaro ya yi kama da wane, ɗaya daga cikinku ta kori sauran waje, ta rufe ƙofa, ta tambayi uwar yadda take. In ta ce lafiya lau, kada ki tashi. Ki gyara zama ki sake tambaya."